Gidan Ɗantata da Rikicin Gado a Gidajen Attajirai

A Kano, da sauran tsofaffin biranen kasuwanci irin su Katsina da Zariya da Damagaram, da wuya a rasa unguwar da za a nuna maka wani katafaren gida da ya fara zubewa, a ce maka nan ne gidan Alhaji wane, wanda a zamaninsa kayansa kaɗai kan cika kasuwa, yau kuwa jikokinsa suna haya a bayan gari. Idan ka tambayi dalili, amsar da aka fi bayarwa ita ce rabon gado ya cinye dukiyar. Wasu ma sukan ƙara da cewa tsarin gadon Musulunci ne ba ya barin jari ya taru, tunda yana rarraba abin da mutum ɗaya ya tara zuwa hannu ashirin ko talatin. Ban yarda da wannan magana a yadda ake faɗinta ba. Kason da Alƙur'ani ya yanka wa kowane magaji a Suratun Nisa'i, a aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ba shi ne ake kwashe shekaru ana jayayya a kansa a kotu ba, domin kowane malamin gado zai iya fitar da shi a zama ɗaya. Rigimar tana tasowa ne tun kafin a kai ga lissafi, a kan wane ne magaji da kuma mene ne ainihin abin da mamacin ya mallaka. Tarihin zuriyar Alhassan Ɗantata ya dace a duba wannan batu da shi, saboda gida ne da ya taɓa rasa dukiyarsa bayan rabon gado, ya sake tara ta, sannan a karo na biyu aka raba ba tare da gidan ya watse ba.

Zuriyar ta Agalawa ce, wato ɗaya daga cikin rukunonin fatake da asalinsu ke komawa ga ƙasar Buzaye, waɗanda suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano har suka zama Hausawa, suka kuma riƙe fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakan Alhassan, Baba Talatin, shi ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Ɗansa Abdullahi, wanda ya kai matsayin madugu, ya koma Bebeji, kuma a can aka haifi Alhassan a shekarar 1877. Madugu Abdullahi ya rasu wajajen 1885 yana da dukiya mai yawa, aka raba ta bisa shari'a, kowane ɗa ya sami rabonsa. Amma 'ya'yan duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya ja ayari. Mahaifiyarsu, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara, babban birnin Ghana na yanzu, ta bar yaran a hannun wata dattijuwar baiwa mai suna Tata. Da sunan wannan mata ake kiran gidan har yau, ita da ba ta cikin jerin nasabarsa, ba kuma ta da ko kwabo a gadonsa.

Masu tarihi sun ruwaito cewa rabon Alhassan bai kai shi ko'ina ba, har sai da ya nemi na kansa tun yana almajiri. Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Bebeji ta kasance a ɓangaren da aka ci, aka kama shi da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su. Abin lura a nan shi ne, rabon da aka yi a Bebeji bai zalunci kowa ba, amma duk da haka kasuwancin Madugu Abdullahi ya mutu tare da shi. Dukiyar bafatake ba ta tsaya ga jakuna da tufafi da wuri ba. Mafi tsadarta ita ce amanar da fatoma, wato mai masaukin fatake, ya ba shi a Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, da bashin da 'yan kasuwa ke ba shi saboda sunansa, da sanin zangon da ake kwana da wanda ake wucewa, da mutanen da suka yarda su bi bayansa wata da watanni. Babu alƙalin da zai iya raba waɗannan, kuma idan babu babban ɗa da aka riga aka sa a hanya, sai su bi mai su kabari.

Yadda Alhassan ya sake ginawa sananne ne. Ya koma fataucin goro, ya kasance cikin na farko da suka riƙa ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa, da farko Niger Company, daga baya United Africa Company (UAC). A 1929, lokacin da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Kafin rasuwarsa ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Domin a ga abin da rabo ke yi wa dukiya irin wannan, bari mu ƙaddara wani attajiri da ya rasu ya bar mata 4, 'ya'ya maza 10, mata 8, iyayensa kuwa sun riga shi. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, a ce saura naira miliyan 320. Matan aure huɗu za su raba tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas, wato miliyan 40, kowace ta ɗauki 10. Sauran miliyan 280 za a kasa su kashi 28, namiji ya ɗauki biyu mace ta ɗauki ɗaya, sai kowane ɗa ya tashi da miliyan 20, kowace 'ya da miliyan 10. Babban ɗa, wanda wataƙila ya shekara ashirin yana buɗe kanti da asuba tare da mahaifinsa, ya san kowane dillali da kowane mai bashi, rabonsa daidai yake da na ƙaninsa da ke goye, wato kashi ɗaya cikin goma sha shida. Shari'a ba ta ba shi ƙari saboda girma ko wahala, sai fa idan ya kawo hujjar cewa akwai lada da aka yi yarjejeniya a kai, ko kuwa tarayya suke yi da mahaifin. A mafi yawan gidaje babu wannan hujja, domin a al'adarmu abin kunya ne ɗa ya ce wa ubansa a rubuta. Daga wannan gurbi ne fitinar farko take fitowa. Babban ɗa yana ganin guminsa ne ake shirin raba wa waɗanda ba su taɓa ɗaga ko dila ɗaya ba, ƙannensa kuma, musamman 'yan wani ɗaki, suna ganin makullan sito da littattafan ciniki duk a hannunsa suke, saboda haka abin da ya bayyana shi ne abin da ya ga dama. 'Yan'ubancin da aka danne shekaru saboda kwarjinin maigida sai ya sami ƙofa.

Wanda ya taɓa halartar zaman ƙididdige kayan mamaci a soron gidan ɗan kasuwa ya san inda magana take tsayawa. Ana lissafa gidaje da filaye da motoci lafiya lau, har a iso kan wani shago a Kantin Kwari da ke hannun tsohon yaron gida. Sai a ce masa ya kawo lissafi, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, “Ai Alhaji ya bar mini tun shekarar da na yi aure.” Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ce jari ne aka ba shi ya juya, riba a raba. Wani dattijo ya ce shi dai ya ji marigayin yana cewa wane ai ɗa ne. Duka ukun suna iya zama masu gaskiya a iya saninsu, domin tsarin ubangida da yaronsa a kasuwar Hausa an gina shi ne a kan rashin fayyacewa: jari yakan fara a matsayin amana, ya koma tarayya, a ƙarshe ya zama sallama, ba tare da an taɓa sa rana ko an kira shaidu ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu ke aiki da shi, yana da tsauri a nan. Kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi idan ya kafa shaidu, amma idan gidan da yake zaune ciki ne, sai ya fita daga cikinsa kyautar ta inganta. Abin da aka bayar a ciwon ajali hukuncin wasiyya yake ɗauka, wasiyya kuwa ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran. Saboda haka amaryar da Alhaji ya ce wa “wannan gida naki ne” alhali yana ciki har ya cika, sau da yawa takan tarar gidan ya koma cikin kayan rabo, ta kuma tafi da yaƙinin an cuce ta.

Batun nasaba ya fi wannan zafi, domin shi har da mutunci yake taɓawa. Bafatake mutum ne mai gida fiye da ɗaya. Wanda ke shafe rabin shekara a Kumasi ko Ankara ko Fort-Lamy (N'Djamena ta yanzu), ko kuma ya daɗe a hanyar Makka ta Sudan, ba abin mamaki ba ne ya yi aure a can, ya haihu, mutanen gida ba su sani ba ko sun sani sun yi shiru. A zamanin da, akwai kuma 'ya'yan sa-ɗaka, waɗanda shari'a ta daidaita su da 'ya'yan matan aure a gado, ko da yake uwarsu ba ta gado, tana dai samun 'yanci da mutuwar ubangijinta. Ƙa'idar asali ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne: duk wanda aka haifa bayan wata shida da aure na mijin ne, kuma babu mai kore shi sai mijin da kansa ta hanyar li'ani, wato rantsuwar kore ɗa a gaban alƙali, yana raye. Magada ba su da ikon su taru bayan mutuwarsa su ce wane bai yi kama da mu ba. Idan kuma baƙo ya zo da da'awar cewa shi ɗa ne, to, in adilai biyu cikin magada suka shaida, nasabarsa ta tabbata a kan kowa, in kuwa mutum ɗaya ne ya amsa, daga rabon wannan ɗayan kaɗai za a rage a ba shi. Malikiyya sun kuma toshe wata ƙofa da masu kuɗi kan so su bi: wanda ya saki matarsa yana ciwon ajali, za ta gaje shi ko da iddarta ta ƙare.

Gwajin DNA ya shigo cikin wannan fage ya ƙara dagula shi. Misalin da duk Nijeriya ta sani shi ne na Cif M.K.O. Abiola, Musulmi attajiri da ya rasu a 1998, wanda wasiyyarsa ta shardanta wa wasu daga cikin masu kiran kansu 'ya'yansa yin gwajin kafin su sami rabo, aka kuma shafe shekaru ana ja-in-ja a kan dukiyar. A ganina wanda ya bar wa iyalinsa irin wannan sharaɗi ya ɗaga tambayar da shi kaɗai ke da hakkin amsa ta, ya kuma tafi ya bar ta ga mutanen da kowannensu zai ƙaru idan ɗan'uwansa ya faɗi gwajin.

Akwai wani reshe na nasaba da ya fi ba ni tausayi, wato jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa. Muddin akwai ɗa namiji a raye, wannan jika ba ya gado, baffanninsa sun shamakance shi, ko da mahaifin nasa shi ne ya gina rabin dukiyar. Masar ta magance wannan a dokarta ta 1946 ta hanyar wajabta wasiyya ga irin waɗannan jikoki. A nan kuwa an bar wa kakan ya yi da kansa daga cikin sulusinsa, kuma ƙofar a buɗe take tunda jikan ba magaji ba ne, amma kaɗan ne ke tunawa kafin lokaci ya ƙure.

Jinkiri kuma yakan ninka duk waɗannan matsaloli. Ana cewa a bari hawaye su bushe, ko a bari ƙanana su girma, ko kada a wargaza kasuwa, sai shekara goma ta wuce. A cikinta wata matar ta rasu, rabonta ya zama na 'ya'yanta da iyayenta, wata 'yar ta rasu, mijinta da ba ɗan gidan ba ya shigo cikin masu hakki. Malaman gado suna kiran wannan munasaha, kuma lissafinta yana fita, sai dai magada 22 na misalinmu na baya sun zama 60, darajar filaye ta sauya, kuɗin hayar shekara goma babu wanda ya san inda ya shiga. Waɗanda jinkiri ya fi cuta su ne mata. Ana ce wa 'ya mace rabonki yana nan a cikin kasuwa ana juya miki, a riƙa aika mata da buhun shinkafa da azumi da turmin atamfa da salla, idan ta nemi lissafi a ce mijinta ne ke zuga ta.

Alhassan Ɗantata, wanda ya ɗanɗani maraici da dukiyar da ta narke, ya bi wata hanya dabam. Tun yana raye manyan 'ya'yansa suka shiga kasuwa, kowa da fagensa. Sanusi ya yi ƙarfi a cinikin gyaɗa da sufuri. Mamuda ya kama harkar jigilar alhazai da canjin kuɗi, kuma daga sunan kamfaninsa na alhazai ne aka sami sunan Wapa da ake kiran kasuwar 'yan canji ta Fagge da shi. Ainihin kasuwancin gidan kuma aka sa shi a ƙarƙashin kamfani, Alhassan Dantata & Sons. An ruwaito cewa da ciwo ya tsananta a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasicci da su zauna tare, kada su bar kamfanin ya rushe, su ci gaba da auren zumunci gwargwadon hali, su kula da matalautan dangi, su kuma guji rigima da sauran attajiran Kano. Ya rasu ranar Laraba, 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Maganar auren zumunci a bakin ɗan kasuwa tana da fuska ta lissafi, domin idan 'ya ta auri ɗan baffanta, rabon da ta ɗauka da wanda 'ya'yanta za su gada ba su bar zuriyar ba.

An raba gadonsa bisa shari'a, amma kamfanin ya ci gaba. Ɗansa Ahmadu ya shugabance shi har rasuwarsa a 1960, sannan ragama ta koma hannun Aminu, wanda aka haifa a 1931, yana cikin ƙananan 'ya'ya, alhali yayyensa suna raye. Ina ganin abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne yayyen ba su dogara da kujerar ba, kowannensu yana da tasa harkar da ta ishe shi. Aminu ya riƙe gidan shekara 65, har rasuwarsa ranar 28 ga Yuni 2025, aka binne shi a Madina.

Reshen da ya fi kowane bunƙasa kuwa ta inda gado ba ya bi ya fito. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ɗan Hajiya Mariya ne, 'yar Sanusi Ɗantata. A hukuncin gado, ɗan 'ya mace ba ya gadon kakansa na wajen uwa. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya tashi a hannun Sanusi, ya kuma fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga gidan kakannin nasa, shekara 20 kafin Sanusi ya rasu a 1997. Abin da ya karɓa daga zuriyar Ɗantata shi ne irin abin da ya salwanta a Bebeji a 1885, wato tarbiyyar kasuwa da jarin farawa da sunan da ke buɗe ƙofa, kuma an miƙa masa su ne hannu da hannu masu su suna raye.

Attajirin yau yana da wata matsala da Alhassan bai fuskanta sosai ba, ita ce dokoki biyu a kan dukiya ɗaya. A shari'ar Adesubokan da Yinusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmi yana iya yin wasiyya a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ta kuma zartu ko da ta saɓa wa ƙa'idar Malikiyya. Daga baya wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara, suka yi nasu dokoki da suka mayar da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin shari'a. Amma babbar tsagar tana cikin tsarin mulkin 1999 da kansa: sashe na 277 ya ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci hurumin gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, sashe na 251 kuma ya keɓe wa babbar kotun tarayya duk abin da ya shafi tafiyar da kamfani. Mayar da kasuwanci kamfani yana hana a sayar da masana'anta don a raba kuɗin, tunda hannun jari ake rabawa injuna su ci gaba da aiki, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai alƙalin shari'a zai iya rubuta wa 'yar marigayi, kamar ta misalinmu, kashi ɗaya cikin 32 na hannun jarin mahaifinta, amma ba shi da ikon tilasta wa daraktoci, waɗanda yawanci yayyenta ne, su raba riba ko su buɗe mata littafi. Idan suka zaɓi su biya kansu albashi mai tsoka su ce babu ribar rabawa, sai ta ɗauki lauya ta nufi wata kotu dabam, ta shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 a matsayin mai ƙaramin hannun jari da aka danne, kuma kaɗan ne cikin matan da ke gidajen aurensu suke da kuɗin wannan tafiya, ko kuma suke iya jure abin da dangi za su faɗa a kansu idan suka fara ta.